A ɗauki hoton kasuwa da taron Sallah a Sakkwato, amma a yi sallama

Duk wanda ya halarci sallar Idi a Fakon Idi cikin 'yan shekarun nan ya ga abin da ke faruwa da zarar liman ya sallame. Kafin mutane su gama naɗe dardumansu hannuwa sun tashi sama, kowane hannu da waya. Ana ɗaukar tawagar Sarkin Musulmi, ana ɗaukar dogarai da dawaki, ana ɗaukar yara cikin sabon ɗinki, ana ɗaukar wanda ya sani da wanda bai sani ba. Kafin azahar hotunan sun cika Facebook da TikTok da WhatsApp. Kafin mako ya zagayo sun nutse ƙarƙashin wasu, ko mai su ba ya iya nemo su. Ba a taɓa ɗaukar Sakkwato hoto kamar yadda ake ɗaukarta yanzu ba, amma abin da zai isa hannun jikokinmu daga ciki kaɗan ne ƙwarai, kuma wani ɓangare na abin da ake yaɗawa bai kamata a ɗauke shi ba tun farko.

Ina goyon bayan matasan da ke yawo da kyamara ko waya suna ɗaukar rayuwar garin nan, tun daga gaban shaguna har cincirindon Sallah da Maulidi. Ina ganin garin yana buƙatarsu fiye da yadda ya sani, kuma raina yana ɓaci idan na ga an kore su daga kasuwa kamar ɓarayi. Sai dai goyon bayan nawa yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba daga Turai na aro shi ba.

A fara da abin da muka riga muka yi asara. A watan Janairun 2021 wuta ta ci wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato. An yi maganar dukiyar da ta ƙone, kuma ita ce ta fi cancantar magana, domin akwai magidantan da har yau ba su farfaɗo ba. Amma akwai wata asarar da ba wanda ya lissafa. Yadda layukan kasuwar suke, yadda kowane ɗan kasuwa ya tsara gaban shagonsa, rubutun da ke saman ƙofofi, fuskokin dattawan da suka shekara talatin a wuri ɗaya, duk wannan ya tafi. Hotunan da suka cika intanet na kasuwar su ne na ranar da take ci da wuta. Na ranakun da take cike da ciniki, a ranar Talata ta banza wadda ba abin da ya faru, su ne ke da wuyar samu. Haka ganuwar birni ta tafi ta bar mana sunaye: Ƙofar Rini, Ƙofar Atiku, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana hawa kabu-kabu ya ce a kai shi Ƙofar Atiku, bai taɓa ganin yadda shiyar take a zamanin kakansa ba.

Mu mutanen alƙalami ne, wannan ba gardama. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce masu yawa, kuma cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu tana riƙe da takardu da wasiƙun da masana ke zuwa dubawa daga ƙasashe masu nisa. Amma rubutu yana kiyaye abin da marubuci ya ga ya isa a rubuta. Ba malamin da zai zauna ya bayyana yadda baduku ke rataya jakunkuna da takalma na jar fata a bakin rumfarsa, domin a lokacinsa kowa ya san haka, ba labari ba ne. Bayan Turawa sun ci garin a watan Maris na 1903, kyamarar da ta shigo tana hannunsu, kuma abin da ya ja hankalinsu shi suka ɗauka: sarki, hakimai, dawaki, sai talakan da aka tsayar a rana don a nuna wa mutanen Ingila irin mutanen da ake mulka. Daga baya masu hoto na gida suka buɗe shaguna, aka riƙa zuwa ana zama gaban labule ranar Sallah ko ranar aure. Waɗannan hotunan suna da daraja, amma na kwalliya ne. Titi da kasuwa da zaman yau da kullum sun faɗa tsakani, ba mai kula da su.

Wani zai ce, mene ne abin ɗauka a gaban shago? Ni kuwa ina ganin babu inda garin ke faɗin gaskiyar halin da yake ciki kamar nan. Shagunanmu da yawa ba su da tagar gilashi irin ta biranen Turai. Namu tagar ita ce bakin ƙofa da dakali da rumfar da aka miƙo zuwa titi. A bi titin Ahmadu Bello ko titin Sarki Yahaya a goman ƙarshe na azumi a duba. Mai yadi ya tsayar da bandir-bandir na shadda da gezna, launin da ya sa a gaba shi ne launin da samari ke yayi a bana, baɗi wani ne daban. Mai hula ya jera kube da zanna a kan katako. Tela ya rataya rigunan da ya gama a waje, domin masu wucewa su ga aikin wuya da na aljihu, kuma domin masu kaya su tabbata bai yi ƙarya ba da ya ce saura kaɗan. Mai turare ya cika akwatin gilashi da kwalabe masu sunayen Larabci. Mai waya ya liƙa takardar farashi, ya soke da biro, ya rubuta wani a kai, ya sake sokewa. Wannan takardar kaɗai, idan aka ɗauke ta hoto aka ajiye da kwanan wata, za ta faɗa wa ɗalibin tarihi labarin faɗuwar darajar naira fiye da jawabin kowane jami'i. A kasuwar Kara kuma, kwanaki kaɗan kafin babbar Sallah, ragunan da suka ratso ta Illela daga Nijar suna tsaye, magidanta suna zagayawa suna taɓa gadon bayansu suna tambayar kuɗi su wuce. Fuskar mai tambaya ya wuce ita ma tarihi ce, amma zan dawo kan maganar fuska.

Akwai abin da ke ɓacewa a gaban idonmu kuma ba mai ɗaukarsa: allunan shaguna da aka rubuta da hannu. Masu fenti ne ke yin su, da zanen almakashi ko kan aski ko kwanon shayi, wasu da boko, wasu da ajami, wasu da kuskuren rubutu da ya zama shi ne alamar shagon. Yanzu injin buga hoto a leda ya kore su. Kowane shago irin allo ɗaya, irin rubutu ɗaya, da hoton da aka sauko da shi daga intanet. Nan da shekara goma sai an yi da gaske kafin a sami allon hannu a tsakiyar gari.

Wani Bafaranshe mai suna Eugène Atget ya shafe kusan shekara talatin yana yawo a birnin Faris da kyamara mai nauyi yana ɗaukar lunguna da ƙofofi da tagogin shaguna, har ya rasu a 1927. A rayuwarsa ba a ɗauke shi wani babban mai fasaha ba, yana sayar da hotunan ne ga ɗakunan karatu da gidajen tarihi da masu zane. Yau duk mai son ganin tsohon Faris da aka rushe, wurin hotunansa yake zuwa. A nan gida ma, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar salon kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan hoto dubu. Kitso abu ne da ake tsefewa bayan mako biyu, amma saboda mutum ɗaya ya ga ya isa a ajiye, ga shi nan ya rage. Sakkwato ba ta fi ƙarfin samun irin waɗannan mutanen ba. Suna nan ma, a cikin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojinmu, da masu ɗaukar hoton biki waɗanda ke da kyamara mai kyau tana zaune daga Litinin zuwa Alhamis.

To amma ɗan kasuwar da ya ga baƙon yaro ya saita waya a shagonsa ya daka masa tsawa, "Kai, wanga yaro, mi kaka ɗauka?", ba jahilci ne ya sa shi ba. Yana da dalili, kuma duk mai hoton da ya raina dalilin bai san garin da yake ciki ba. Muna cikin jihar da 'yan bindiga suka addabi gabashinta, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, kuma kowa ya san ba sa aiki sai da masu kai musu labari. A watan Oktoban 2021 an kai hari a kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Mutumin da yake jin labarin an sace ɗan kasuwa saboda wani ya nuna yana da kuɗi, ba zai yi murna da hoton shagonsa cike da kaya yana yawo a hannun mutanen da bai sani ba. Wani kuma tsoron masu karɓar haraji yake, wani tsoron abokin gasa ya kwaikwayi ɗinkinsa, wani tsoron baki da hassada. Ko da mai hoto bai yarda da wasu daga cikin dalilan ba, shagon ba nasa ba ne. Maganin abin mai sauƙi ne, kuma yawanci yana aiki: ka yi sallama, ka gaisa, ka ce Alhaji ko Baba, ni ɗan shiya kaza ne, ga abin da nake yi, ga dalili, in ka yarda. Ka nuna masa hoton bayan ka ɗauka. In ya ce a goge, a goge a gabansa. In da hali, ka wanke ɗaya ka kawo masa. Dattijon da ya kore ka jiya, gobe shi zai kira maƙwabcinsa ya ce zo a ɗauke ka.

Maganar taro ta fi wuya, domin ba yadda za a yi mutum ya nemi izinin dubban mutanen da suka cika filin Idi. Ba kuma na cewa a nema. Taron Sallah an fito ne don a ga juna. Mahayin da ya yi wa dokinsa ado ya naɗa rawani, makaɗin da ke gaban tawaga, 'yan Islamiyya da suka jero da tutoci ranar Maulidi, jama'ar da ke dafifi a Kanwuri, duk sun san suna bainar jama'a, kuma hoton da ya nuna taron a matsayin taro bai zalunci kowa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hoton dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da gora da homa ne ya sanar da duniya shi, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da ake kiyayewa a 2016. Hawan Sallah na Kano ya shiga wannan jeri a 2024. Ba wanda zai ce hotunan nan sun cutar da Kabawa ko Kanawa.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da mai kyamara ya tsamo mutum ɗaya daga cikin taro ya mayar da shi abin kallo. Kowa ya san irin hotunan da nake nufi. Budurwa ta fito yawon Sallah da ƙawayenta, wani ya jawo fuskarta daga nesa ba ta sani ba, ya ɗora da waƙa, ya rubuta a nemo masa ita. Cikin sa'o'i dubban mutane suna tattauna kyanta da muninta, wani ya faɗi sunan shiyarsu, wani ya ƙirƙiro mata labari. Yarinyar da ba ta yi komai ba sai fita gaida dangi, ta dawo gida ta tarar da mahaifinta ya riga ya gani. Akwai gidajen da saboda irin wannan suka hana 'ya'yansu mata fita ranar Sallah gaba ɗaya, wato mai waya ya ƙwace musu ranar farin cikinsu. Haka tsohon da barci ya kwashe a masallaci bakinsa buɗe, da mai taɓin hankali, da wanda doki ya kayar rigarsa ta yaye. Ana ɗaukar su don a yi dariya, kuma dariyar ba ta ƙarewa, domin abin da ya hau intanet ba ya sauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton almajirai da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Garin nan ya cika da matan da aka kashe mazajensu a ƙauyuka, suna bara da yara a bakin shataletale da ƙofofin masallatai. Ranar Sallah su ne mafi sauƙin ɗauka, domin ba su da mai tsaya musu, kuma tsummansu kusa da sabuwar shaddar wani yana jan hankali. Mai hoto yana iya cewa yana nuna halin da ake ciki ne don a taimaka, kuma wani lokaci gaskiya ne, ba na son a ɓoye talaucinmu. Amma a tambayi kai: wannan yaron, da ɗan Alhaji wane ne, zan iya kusantar fuskarsa haka ban tambayi ubansa ba? In amsar a'a ce, to rauninsa na ci. Ana iya nuna yunwa da gudun hijira ba tare da an bayyana fuskar yaron da zai girma ya tarar da kansa yana miƙa kwano a wayoyin mutane ba. A ɗauki hannu, a ɗauki baya, a ɗauki wurin kwana, ko a zauna da uwar a yi mata bayani a ji ta bakinta.

Dokar ƙasa ta ɗan taɓo wannan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki duk abin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanansa, ta kuma nemi yardar iyaye idan abin ya shafi yaro. Amma wace bazawara daga Sabon Birni ce za ta kai ƙara Abuja? Doka ba za ta bi kowace waya zuwa filin Idi ba. Abin da zai bi ta shi ne tarbiyya, kuma muna da ita a rubuce tun kafin a ƙera kyamara. A hadisin Abu Sa'idul Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai kan zama a bakin hanya, da suka ce ba su da makawa sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mai hoton titi mazaunin hanya ne, sana'arsa ma kallo ce, don haka wannan hadisin ya hau kansa fiye da kowa. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nuri ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Jawo fuskar mutum daga nesa ba da saninsa ba, kamar tsallake zaure ne a faɗa tsakar gida. Yaron Sakkwato ya san wannan ba a yi.

Na san akwai waɗanda ke ganin hoton mai rai haramun ne ɗungurungum, akwai kuma malaman da suka bambanta hoton kyamara da sassaƙa ko zane. Saɓanin ya daɗe kuma ba ni zan raba shi ba. Abin da ya shafi mai kyamara a ciki shi ne, mutumin da ya kauda kai ko ya ɗaga hannu don yana ganin addininsa ya hana, an gama magana, a sauke kyamara. Ba a yi masa wayo a ɗauke shi ta gefe.

Masu cewa neman izini yana kashe hoto, wai da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya sandare, su duba aikin Malick Sidibé na Bamako. Hotunansa na matasan Mali a wuraren biki da bakin kogi a shekarun 1960 da 1970 cike suke da rai, har suka kai shi ga samun babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007. Bai ɓuya ya ɗauki kowa ba. Gayyatarsa ake yi, an san shi, an saba da shi har an manta yana riƙe da kyamara, washegari kuma a zo shagonsa a duba hotuna a zaɓa. Sabo ne ya ba shi abin da sata ba za ta ba shi ba. Wannan ita ce damar da ɗan gari yake da ita a kan baƙo. Baturen da ya zo kwana uku dole ya ɗauki abin da ya samu ya tafi. Yaron Mabera ko Gidan Igwai ko Runjin Sambo yana iya komawa layin maɗinka sau da yawa har su daina ganinsa baƙo.

Saura maganar ajiya, wadda in ba a yi ta ba duk sauran wahalar banza ce. Hoton da ke cikin waya yana mutuwa ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, wanda ke Facebook kuma yana hannun kamfanin da ba ruwansa da tarihin Sakkwato. Hoton da ba a rubuta masa wuri da rana ba, bayan shekara ashirin ba mai iya cewa ko Sakkwato ce ko Gusau. Ina roƙon cibiyar Waziri Junaidu da sashen tarihi na jami'a su buɗe ƙofa ga wannan aiki: bayan kowace Sallah a karɓi zaɓaɓɓun hotuna daga masu ɗauka, kowanne da sunan mai shi da wurin da ranar, a ajiye a kwamfuta, a kuma wanke wasu a takarda, haƙƙin mallaka ya zauna a hannun mai hoton. A bi tsofaffin shagunan hoto na gari tun masu su ko 'ya'yansu suna raye, a tambayi tsofaffin fim ɗin kyamara da ke cikin kwalaye kafin zafi da gara su gama da su. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su zauna da masu hoto a yi yarjejeniya, a san su da fuska da suna, a ba su shaidar da za su nuna, domin ɗan kasuwa ya bambanta mai aikin tarihi da mai leƙen asiri. Wannan ba ya buƙatar kasafin miliyoyi. Ɗaki ɗaya da kwamfuta da ma'aikaci mai kishi sun isa a fara, kuma layin da ya kamata a fara ɗauka shi ne na masu allunan hannu da dukawa, domin su ne ke raguwa da sauri.